Kwanciyar da Ta Cinye Ƙashin Sabitu

Da sunan Allah mai jinƙai, mai ba da lafiya ga wanda ya so a lokacin da ya so.

Sunana Hamisu, tela ne ni, shagona yana cikin garin Rano. Rubutu ba sana'ata ba ce. Amma tun da muka fita daga jinyar ƙanena, duk sanda na ji an ce wane ya karye an kwantar da shi, sai gabana ya faɗi. Na gaji da maimaita labarin a bakin shago ana saurarona da kunne ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Sabitu shi ke bi na, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na bar gidanmu na Unguwar Gai tun ina saurayi na zo Rano koyon ɗinki, shi kuma ya tsaya a gona. Bayan rasuwar Baba shi ya riƙe gidan, da shi da matarsa Zulai da mahaifiyarmu Inna. Mutum ne da bai san zama ba. Da damina yana bayan garmar shanu, da rani ya tafi fasa dutse ko noman albasa, ranar kasuwa ya ɗora buhu a keke ya tuƙo har Rano ya koma a yini ɗaya. Rigarsa in ta bushe sai ka ga farin gishirin gumi ya zana mata taswira a baya. Wani lokaci in ya wuni yana aiki a rana sharaɓarsa takan dunƙule, sai ya zauna ya miƙe ƙafar yana dariya, ya sha kunun gyaɗa, gobe ya koma. Iyakar ciwon da na san shi da shi ke nan.

Abin ya faru da bazara, shekarar da aka yi zaɓe na biyu bayan saukar soja, lokacin da duk bangon da ka duba hoton ɗan takara ne, kowa yana rantsuwa shi zai tsare shari'a ya cika asibiti da magani. Sabitu ya ɗauko taki a amalanke zai kai gona kafin ruwa ya sauka. Taya ɗaya ta zurma a bakin kwazazzabo, shanun suka firgita suka fizga, amalanken ya kife a kan cinyarsa ta dama. Wani ɗan acaɓa ne ya kawo mini labari. Kafin in isa gida an ɗauko shi a kan ƙofa, an shimfiɗe a ɗakinsa.

Na ce a tafi asibiti. Inna ta ce ba a kai mata ɗa inda ake yanke ƙafa. Dattawan unguwa suka goyi bayanta, aka aika garin Lausu aka ɗauko wani maɗori, dattijo wanda ɗori gadon gidansu ne. Ba zan ci amanar bawan Allahn nan ba, ya yi aikinsa. Ya ja ƙafar, ya daidaita, ya ɗaure da kara, ya yi tofi, ya ce a bar shi a kwance sai ya dawo. Yakan leƙo lokaci lokaci ya duba. Da ya ga ƙashi ya kama sai ya kwance ɗaurin, ya ce a fara zaunar da shi, a riƙa sauko da ƙafar ƙasa, sannu a hankali ya taka da sanda.

A ranar muka gwada. Ni da wani maƙwabci muka tallafe shi muka ɗaga. Bai gama miƙewa ba jiri ya kwashe shi, idonsa ya juye, ya sulale ta tsakaninmu ya faɗi a kan gefen da ya karye. Ƙarar da ya yi har yanzu tana kunnena. Inna ta faɗo ɗakin ta ture mu, ta rungume kansa, ta ce wallahi muddin tana numfashi babu mai sake tayar mata da ɗa sai ya ce da bakinsa ya warke. Babu wanda ya musa mata. Mu ma mun tsorata, shi ma Sabitun ya tsorata. Daga nan kwanciyar ta tashi daga umarnin maɗori ta zama tamu.

Damina ta faɗi yana kwance. Na koma raba mako biyu, rabi a shago rabi a Unguwar Gai. Zulai tana da ciki, ita ke kwashe fitsari, ita ke wanki, ita ke girki, Inna kuma tana zaune a gefensa da mafici daga safe har yamma. Gonar kuwa Sambo ne ya taimaka. Sambo Bafulatani ne, iyayensa sun zauna a bayan garinmu tun zamanin Baba, tare suka tashi da Sabitu. Shi ya ɗauki shanun ya yi mana huɗa a abin da ya samu, sauran gonar ciyawa ta ci.

Abin da muka fara lura da shi ƙishirwa ce. Mutumin da ko motsi ba ya yi, amma ya sha moɗa ya nemi ƙari, fitsari kuma kamar an buɗe famfo. Muka ce zafi ne. Sai bayan gida ya ɗauke masa, cikinsa ya yi tauri. Sai abinci ya fita ransa, in aka matsa ya ci loma biyu zuciyarsa ta tashi. Makonni suna tafiya yana zubewa. Ƙafar da ta karye ta tsotse, wannan mun ce dole ne, amma wadda ba abin da ya same ta ita ma ta koma kamar muciya. Sharaɓar nan da take dunƙule masa bayan wunin aiki sai ta koma dunƙulewa yana kwance, da yatsun hannu, har fatar idonsa tana rawa. Ga barci ba dare ba rana. Wata rana na shiga na yi masa sannu, ya dube ni ya ce, “Baba, an ba shanun ruwa?” Baba kuwa ya shekara da yawa a ƙasa. Na fita tsakar gida na zauna a kan turmi, na daɗe ban iya komawa ba.

Masu dubiya ba su bar mu ba, Allah ya saka musu, amma kowa da abin da yake zuwa da shi a baki. Wannan ya ce ƙashi ne bai samu abinci ba, a dage da nono. Matar Sambo ta riƙa kawo ƙwarya kullum. Wancan ya ce romon ƙafar sa, aka riƙa dafawa ana ɗura masa yana amayarwa. Wata gwaggonmu ta ce kunun kanwa zai sassauta cikin. Ni da kaina na je kemis na faɗi abin da ake ciki, aka ba ni wasu manyan ƙwayoyi farare aka ce maganin ƙarfin ƙashi ne, safe da yamma. Kawu Tanko, ƙanen Inna, shi kuma ya tsaya a kan sammu ne, wai an yi wa yaron baƙin cikin shanu. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi har ɗakin ya yi baƙi. Ban raina addu'a ba, kuma ban raina kowa ba. Kowa abin da ya sani ya kawo. Sai dai duk cikinmu babu wanda ya ce a tayar da shi.

Wata safiya, gero ya fara fitar da kai, ciwo ya kama shi a kwiɓi. Mutumin da ya yi watanni ba ya iya juyi sai ga shi yana murƙususu yana cizon matashi. Zulai ta fito da gwangwanin fitsari ta nuna mini, ja kamar zoɓo. Inna ta gani. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta.

Muka kai shi asibiti mafi kusa, suka yi masa allura, suka sa ƙarin ruwa, ciwon ya lafa. Suka ce abin yana bukatar hoto da gwajin da ba a yi a nan, mu wuce Kano. Zulai ba ta iya tafiya da cikinta, Inna kuma na roƙe ta ta zauna da ita. Ni kaɗai na tafi da shi, a kwance a bayan motar haya, duk ramin da aka faɗa sai ya kira sunan Allah.

Wanda bai yi jinya a babban asibiti ba bai san gajiya ba. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma kowane layi in ka kai gaba sai a ce ka tsallake wani. Mun iske wasu ma'aikata suna yajin aiki, waɗanda suka rage kowa fuskarsa a murtuke. Sai da muka kwana a baranda kafin gado ya samu. A ce ka kai jini can, ka kai, a ce na'ura ba wuta, ka dawo gobe. A rubuta magani, ka zaga kantuna ka dawo, a ce ba irin wannan ba. Ba zan tsaya lissafin abin da aka kashe ba, ya wuce. Abin da zan ce kawai, sa ɗaya ya tafi kasuwa a makon farko, ɗayan ya bi shi kafin mu fito. Na ɓoye wa Sabitu har sai da muka koma gida. Duk da haka a wurin nan na ga mutanen kirki. Akwai wata nas, tsohuwa, da take zuwa ta juya shi da hannunta ta shafa masa mai a baya inda kwanciya ta fara cin fata. Akwai ɗan jinyar gadon kusa da mu wanda yake tsare mini Sabitu in na tafi layi. Ban san inda suke yanzu ba, Allah ya san su.

Likitan da ya karɓe mu matashi ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Ranar da sakamako ya fito ya kira ni ofishinsa, ya tambaye ni tun yaushe yaron yake kwance da kuma aikin da yake yi kafin ya karye. Na faɗa masa. Ya ɗaga hoton ƙashin ya kara a taga. Ya ce karayar ta kama tuntuni, ko da yake a ɗan karkace, ƙafar za ta gajarta kaɗan. Sannan ya nuna mini sauran ƙashin. Ni ban iya karanta hoto ba, amma na san yadin da ya sha wanki har haske yana ratsa shi. Haka ƙashin ƙanena ya koma.

Ya ce, “Malam Hamisu, ƙashi abu ne mai rai. Akwai wani sinadari da muke kira kalsiyam, shi ne ƙarfinsa. Muddin mutum yana takawa, yana ɗaukar nauyi, tsoka tana jan ƙashi, jiki zai yi ta tura shi cikin ƙashin. In aka kwanta aka daɗe, sai jiki ya ga ba a bukatarsa a can, ya fara kwashewa yana zubawa cikin jini. Abin da ya kamata ya kasance a ƙashin ƙanenka yanzu yana yawo a jininsa. Ƙoda tana ta fama ta fitar da shi. Shi ne ƙishirwar, shi ne fitsarin, shi ne ruɗewar, shi ne kuma ya taru ya zama tsakuwa.”

Na ce amma ai Sabitu ƙaƙƙarfa ne, duk unguwarmu babu kamarsa. Ya ce irinsu abin ya fi kamawa, matasa majiya ƙarfi da aka kwantar farat ɗaya, domin ƙashinsu ya saba da aiki, ginawa da rushewa a cikinsa ba sa tsayawa, in aka daina ginin sai rushewar ta ci gaba ita kaɗai. Ya kuma ambaci wani sinadarin, magniziyam, wanda ya ce mazauninsa tsoka da ƙashi. Mai aikin ƙarfi yana zubar da shi a gumi amma yana mayarwa da abinci. Sabitu kuwa ba ya ci, yana amai, ga fitsari yana wanke ɗan abin da ya rage, shi ya sa tsokarsa take dunƙulewa. Wato ɗaya ya yi yawa a inda ba a son sa, ɗayan ya yi ƙaranci a inda ake nemansa.

Ya tambayi abin da muke ba shi a gida. Na lissafa, na ciro ragowar farin ƙwayoyin nan daga aljihu na ajiye masa. Ya juya kwalin ya karanta, ya yi ajiyar zuciya, ya jefa a aljihun tebur. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai, “Tulu ya cika yana zuba, kuna ƙara masa ruwa.”

Suka yi ta ɗura masa ruwa, leda bayan leda, da wasu magunguna. Hankalinsa ya fara dawowa, ya gane ni, ya tambayi Zulai. Sai masu gashin ƙashi suka fara zuwa. Su ne suka gaya mini jirin da ya kayar da shi a gida ba wani abu ba ne, duk wanda ya daɗe a kwance sai ya yi shi, kuskuren shi ne a miƙar da mutum gaba ɗaya. Sai su ɗaga kan gadon kaɗan, gobe su ƙara, jibi su sauko da ƙafafunsa. Ana cikin haka aka ce ana bukatar gadon, ga wasu a baranda kamar yadda muka kwana. Aka sallame mu yana iya zama amma bai tsaya ba. Likita ya ce ruwa da yawa, a daina ƙwayoyin nan da kanwa, a ba shi abincin da ya saba, wake da gyaɗa da gero da miyar ganye. Sannan ya riƙe hannuna ya ce maganin da ya fi duka ba a sayar da shi, a tsayar da shi kullum ƙashin ya ji nauyi, in ba haka ba za mu dawo, kuma ƙodar ba lallai ta sake jurewa ba.

Na ɗauka in na kawo wannan magana gida an gama. Na zaunar da Inna na yi mata bayani yadda na iya. Ta saurara har na gama, ta ce likita ba shi ya haife shi ba, kuma ba shi ya ji ƙarar da ya yi ran nan ba. Ta ce ga shi ya dawo yana gane mutane, yana ɗan ci, a bar shi ya yi ƙarfi tukuna. Na ce ƙarfin ba zai zo a kwance ba. Ta ce tun da na koma birni na daina jin tausayi. Na juya wajen Sabitu ko zai taimake ni, sai ya juya fuska bango. A ranar ne ya ji labarin an sayar da shanun.

Gaskiya a lokacin na kai ƙarshe. Shagona a rufe, masu kawo mini ɗinki sun fara aiko yara suna karɓe yadinsu, matata da yarana a Rano sai abin da maƙwabta suka miƙa. Na yi niyyar in tattara in koma, in ce na yi iyakar nawa. Ina zaune a zaure da wannan tunani Sambo ya shigo dubiya. Na faɗa masa abin da ake ciki. Ya shiga ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya ce:

“Inna, mu in saniya ta kwanta ta kasa tashi, ba ma barin ta. Itace muke kafawa, mu rataye ta da buhu ta tsaya a kan ƙafarta ko tana kuka. Wadda aka ji tausayinta aka bari a kwance, wuƙa ce ƙarshenta.”

Inna ta ce, “Ɗan nawa ne saniya, Sambo?”

Ya ba ta haƙuri, ya tashi ya fita. Na ce shi ke nan, an ƙara ɓata lamari.

Bayan kwana biyu ta kira ni bayan ɗaki. Ta ce da safe tana goge wa Sabitu jiki, ta ɗaga ƙafarsa mai lafiyar da hannu ɗaya, ita tsohuwa, ta ji ba nauyi, kamar ta ɗaga ƙafar yaron goye. Ta ce ƙafar nan da ta san ta tana tuƙa keke da buhu har Rano. Ta share ido da bakin zane, ta ce in aika a kira Sambo, amma ita ba za ta tsaya kallo ba.

Sambo ya saro gwafanni ya kafa a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, ya gitta dogayen itace biyu daidai ƙugu, ya ɗaura wani a sama. Ni kuma na je Rano na buɗe shago, na ninka buhu na ɗinke da zare mai ƙarfi, na yi masa madauri kamar majanyi. Shi ne ɗinkin da na yi a wannan watan. Muka bi yadda masu gashin ƙashi suka koya mini, zama tukuna, sai sauko da ƙafa, sai a sa masa buhun a ɗaga a hankali har tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa.

Kada wanda ya karanta wannan ya zaci daga nan abin ya yi daɗi. Ranar farko amai ya yi a jikina. Ya yi kuka, ya roƙe mu, ya ce mini abin da ƙane ba ya faɗa wa wa, daga baya ya nemi gafara, washegari ya sake faɗa. Akwai ranakun da sharaɓa take dunƙulewa yana rataye, sai mun sauke shi mun murza. Akwai makon da zazzaɓi ya kwantar da shi, muka koma kusan inda muka fara. Tsakuwar ta sake motsawa, ya wuni yana murƙususu kafin ta fita, ƙarama kamar ƙwayar dawa, ka ce ba ita ta yi wannan ɓarna ba. A tsakiyar haka Zulai ta haihu, mace, aka yi suna ba armashi, ragon ma Kawu Tanko ne ya kawo. Sallah ta zo ta wuce ban ɗinka wa kowa ba, har 'ya'yana. Sau da yawa ina kan hanyar Kibiya da sassafe zan tafi Unguwar Gai, in ji da ma motar ta yi ta tafiya kada ta tsaya.

Amma ƙishirwar ta ragu. Cikinsa ya saki. Ya fara cinye kwanon dambu da zogale ya nemi ƙari. Muka sassauta buhun, daga baya muka cire, ya koma dafa itacen yana jan ƙafa daga wannan kai zuwa wancan. Da muka koma Kano aka sake gwada jini, likita ya ce kalsiyam ɗin ya sauka, ya fara komawa gidansa, sai dai ƙashi yana zubewa da sauri amma a hankali yake cikowa, kada mu yi gaggawa kuma kada mu tsaya.

Inna da ta ce ba za ta kalla ba, ta fara leƙe ta labule. Daga baya ta fito da tabarma. Kafin a gama kaka ita ce mai tashin sa. In na makara a Rano sai in tarar ta riga ta sa shi a gaba, tana tsaye a ƙarshen itacen da kofin kunu a hannu, ta ce ba za ta ba shi ba sai ya zo ya karɓa.

To ga abin da nake so a ɗauka. Karaya tana bukatar hutu, ba musu. Amma in mai ɗori ko likita ya ce a fara takawa, a fara, a hankali, ko mai ciwo yana kuka. In wanda ya daɗe a kwance ya kama shan ruwa ba ƙoshi, cikinsa ya ɗaure, ya fara ruɗewa, kada a tsaya ɗura masa maganin ƙashi, a kai shi a duba jininsa. Sabitu ya tashi, alhamdu lillahi, amma ƙafar ta gajarta, gwiwar ta ƙage ba ta lanƙwasa sosai, garma da keke sun wuce shi. Yanzu tireda yake yi a ƙofar gida. Da mun sani da wuri, da wataƙila karayar kaɗai zai biya.

Inna ba ta ga ƙarshen abin ba. Ashe duk watannin nan tana fama da ciwon kai da kumburin ƙafa tana ɓoyewa, kada a raba hankali biyu. Bayan an shigar da amfanin gona ta faɗi a bakin murhu, ta kwana uku ba magana, Allah ya karɓi abarsa.

Lokacin Sabitu yana takawa da sanda zuwa zaure, amma salla a kan kujera yake yi saboda gwiwar. Da aka fito da makara mutane suka ce a kawo masa kujerarsa. Ya ce a bar ta. Ya dogara ya shiga sahun farko kusa da ni, da liman ya matsa gaba sai ya miƙo mini sandar. Sallar gawa ba ruku'u ba sujada, tsayuwa ce kawai. Ina jin kafaɗarsa tana rawa a jikin tawa tun daga kabbarar farko, amma bai jingina ba har aka yi sallama. Sannan ya ce a hankali, “Yaya, ba ni sandar, ƙafar ta gaji.”

Jama'a suka ɗauki makara suka yi gaba. Ni da shi da Sambo muka bi a baya, yana tafiya yana tsayawa. Mu ne na ƙarshen isa maƙabarta, an riga an fara mayar da ƙasa. Da suka hango shi sai suka dakata, suka buɗa masa hanya. Sambo ya ɗebo ƙasa ya zuba masa a tafin hannu, tun da ba ya iya sunkuyawa, ya matsa bakin kabarin da ƙafarsa ya zuba.

Allah ya jiƙan Inna, ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙurin da ya fi nawa.